Iskar CO2 a tankin kifin ado mai shuke-shuke: ina iyakar abin da kifi zai iya ɗauka?

Duk wanda ya taɓa neman bidiyon kifin ado a YouTube ko TikTok ya ci karo da tankunan gilashin nan da ciyawa ta shimfiɗe ƙasansu kamar darduma, ganye ja da kore suna ta fitar da 'yan ƙananan kumfa. Idan aka duba gefen irin wannan tanki, ko cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa, galibi za a tarar da tukunyar gas da siririn tiyo da ya shiga cikin ruwan. Iskar kabon dayoksaid ce, wadda ake rubutawa CO2. Kayan sun samu yanzu, ana odarsu ta intanet, kuma masu sha'awa da yawa suna saye kafin su san yadda ake sarrafa su.

Daga nan ruɗanin yake farawa. Wani ya ce in babu CO2 shuka ba za ta yi ba. Wani ya ce da yamma ɗaya iskar ta kashe masa kifi kaf. Na uku ya ce ai dole, tunda tana korar oksijin daga ruwa. Maganar farko gaskiya ce ga wasu tsirrai kaɗan kawai. Ta biyu tana faruwa, kuma kusan kullum akwai dalilin da za a iya nunawa da yatsa. Ta ukun kuwa kuskure ce, kuma wanda ya riƙe ta zai nemi maganin matsalar a inda ba ta nan.

## Me shuka take nema da wannan iska

Idan aka busar da ganye aka auna, kusan kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari na nauyinsa kabon ne. Daga CO2 shuka take samo shi: tana haɗa shi da ruwa da ƙarfin haske ta gina jikinta, ta saki oksijin. Shukar tudu ba ta da damuwa, iska tana kewaye da ita. Ta cikin ruwa ce ke shan wahala, domin CO2 yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Ga kuma ƙaranci. Ruwan da aka bari a buɗe ya daidaita da iskar waje bai cika riƙe ko miligiram ɗaya a lita ba. A tankin da ke da kifi da ruɓaɓɓen ganye yakan kai miligiram 2 zuwa 3, wani lokaci 5. Masu saka iskar suna neman kai shi 20 zuwa 30. Wannan ma'auni na miligiram a lita shi ne dai ake rubutawa ppm a jikin kayan gwaji.

Al'adar shuka tanki ta girmi tukunyar gas. Mutanen Holan sun fara tsara tankuna kamar lambu tun shekarun 1930. Wanda ya yayata saka CO2 a duniya shi ne Takashi Amano, ɗan Japan, da ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya rasu a 2015. Salonsa na haske mai ƙarfi da gajeriyar ciyawa shi ne mafi yawan bidiyoyin yau suke kwaikwayo. Kuma hasken ne tushen buƙatar: gwargwadon ƙarfin fitila, gwargwadon yunwar kabon da shuka za ta ji. In ba ta samu ba sai ta tsaya cak, gansakuka ta ci wurin.

## Yadda take illata kifi

Ruwa yana riƙe oksijin da CO2 ne kowanne da nasa lissafi, shigar ɗaya ba ta fitar da ɗaya. Tanki zai iya cika maƙil da oksijin da tsakar rana, ganye na ta kumfa, amma kifi yana sama yana haki.

Matsalar a jinin kifin take. Kifi yana fitar da CO2 na jikinsa ta mashaƙarsa, wato jan naman nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. Iskar tana fita ne saboda wadda ke cikin jini ta fi wadda ke cikin ruwa yawa, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari. Idan aka cika ruwan da CO2, gangaren ya ragu, sai iskar ta taru a jini, jinin ya yi tsami. Sinadarin himogulobin da ke ɗaukar oksijin a jini kuwa ba ya riƙe shi da kyau cikin tsami. Christian Bohr, masani ɗan Denmak, ya bayyana wannan a 1904. A kifaye da yawa abin ya fi haka tsanani: idan jinin ya yi tsami, himogulobin ba zai cika da oksijin ba komai yawan wanda ke cikin ruwa. Idan aka ci gaba da ƙarawa, CO2 yana bugar da kifi kamar maganin barcin asibiti, ya rasa daidaito, ya kife.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, oksijin mai yawa ba ya kawar da haɗarin, amma yana ba kifi sarari. Miligiram 30 ɗin da kifi ke yawo a cikinsa lafiya a ruwa mai wadatar oksijin, shi ne zai kwantar da shi a ruwan da oksijin ya yi ƙasa. Na biyu, jikin kifi yana iya sabawa. Cikin sa'o'i zuwa kwanaki yana tara sinadarin baikabonet a jini ya rage tsamin. Shi ya sa kifin da aka hau da shi sannu a hankali yake jure abin da zai kayar da sabon zuwa daga shago cikin rabin sa'a.

Akwai kuma masu tsoron saukar pH da hawansa kullum, safe da dare; pH ma'aunin tsamin ruwa ne, lambarsa tana sauka idan tsami ya ƙaru. Muddin CO2 ne kaɗai ke motsa shi, gishirin da ke narke cikin ruwan bai canza ba, kuma kifayen ado da aka saba gani suna ɗaukar wannan ba tare da wata alama ba. Abin lura a nan amoniya ce, sinadarin da kifi ke fitarwa daga jikinsa cikin ruwa. A pH 7 da zafin digiri 25, kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai na amoniyar ke cikin siffarta mai guba. A pH 8 ya haura kashi 5. Sabon tankin da filtarsa, wato matatar ruwan, ba ta riga ta tara ƙwayoyin da ke cinye amoniya ba zai iya zama lafiya da rana, ya zama guba da dare bayan an kashe gas pH ya hau. Don haka ba a haɗa sabon tanki da kifi da CO2 rana ɗaya.

## Lamba 30 da yadda ake gano ta

Miligiram 30 a lita ba doka ba ce, ba kuma iyakar da wata hukuma ta yanke ba. Al'ada ce ta masu sana'ar: wurin da tsirrai masu wuya suke ƙoshi, kifaye da yawa kuma ba su fara nuna damuwa ba. Masu kiwon kifin salmon a Norwe, alal misali, ana ba su shawarar kada su wuce 15, domin daɗewa cikin CO2 mai yawa yana sa ƙodar kifi ta tara alli. Nasu kifin ruwan sanyi ne, kuma dare da rana yake cikin iskar, ba sa'o'i takwas ba. Duk da haka lambar tana tuna wa mai tanki cewa 30 kusa da bakin rami take.

Hanyoyin aunawa uku ne, kowacce da inda take ƙarya.

Ta farko ita ce lissafin pH da KH. KH ma'aunin sinadaran da ke hana ruwa yin tsami ne, ana gwada shi da ɗigon magani. Lissafin shi ne a ninka KH sau 3, sannan a ninka da 10 a ƙarfin abin da ya rage idan an cire pH daga 7. A ruwa mai KH 4, pH 7.0 yana nufin miligiram 12, pH 6.8 yana nufin 19, pH 6.6 yana nufin 30, pH 6.4 kuwa 48. A duba da kyau: duk saukar 0.3 ninki biyu ce. Takardar gwajin pH da ake kwatanta launi da ido takan tsallaka ne 0.2 ko ma 0.5, wato kuskuren ido kaɗai ya isa ya kai mutum daga 30 zuwa 60. Bugu da ƙari lissafin yana ɗauka cewa CO2 ne kaɗai mai tsami a ruwan. In akwai itace mai sakin ruwan shayi, ko ƙasar shuka ta musamman da ke rage pH, lambar za ta fito sama da gaskiya.

Ta biyu ita ce 'yar kwalbar gilashi da ake mannawa a cikin tanki, wadda 'yan kasuwa ke kira dirof-ceka. Ana zuba mata ruwa na musamman mai KH 4 daidai, haɗe da maganin launi. Akwai iska tsakanin ruwanta da na tanki, CO2 ne kaɗai ke tsallakawa. Shuɗi yana nufin ya yi kaɗan, kore kusan 30, rawaya ya wuce kima. Kurakuranta biyu ne. Mutane sukan zuba mata ruwan tanki maimakon ruwan KH 4, sai launin ya zama ba shi da ma'ana. Sannan tana makara da sa'a ɗaya zuwa biyu. Koren da kake gani ƙarfe biyu labarin sha biyun rana ne. Mai ƙara gas yana jiran launi ya canza nan take zai kashe kifinsa kwalbar tana nan kore. Kada kuma a manna ta inda kumfar gas ke wucewa, a sa ta can ɗaya ɓangaren, a sauya ruwanta duk wata.

Ta uku ita ce auna saukar pH da mita mai batir da aka saita da ruwan saiti. A ɗebi kofi ɗaya na ruwan tanki a bar shi a buɗe kwana ɗaya zuwa biyu har gas ɗinsa ya fice, a auna. Sai a auna tankin lokacin da gas ya kai ƙololuwa. Saukar 1.0 tana nufin CO2 ya ninka sau goma, abin da aka saba ɗauka kusan 30 ke nan, bisa zaton cewa ruwan kofin yana da kusan miligiram 3. Saukar 0.5 ninki uku ce, 0.7 ninki biyar, 1.3 ninki ashirin. Wannan hanya ta fi sauran nuna yadda gas ke hawa cikin yini, idan aka auna duk bayan rabin sa'a a rubuta.

Ƙirga kumfa ba awo ba ne. Girman kumfa ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, kuma abin da ya narke ya dogara da tankin. Amfaninsa ɗaya: ka gane ko yau ya canza daga jiya.

## Kayan aiki, da inda kowanne ke cin amana

Tukunyar gas tana ɗauke da CO2 a matsayin ruwa. Matsinta, a ma'aunin matsi da ake kira bar, kusan 57 ne a digiri 20, kusan 64 a digiri 25, kusan 72 a digiri 30. Dole ta tsaya a tsaye, a ɗaure ta da bango ko kabad. In ta kwanta, ruwan gas ɗin zai shiga rigileta ya lalata ta.

Rigileta ce ke sauke wannan matsi zuwa bar 1 zuwa 3. A nan ne haɗarin da ya fi cin kifi gaba ɗaya yake. Muddin akwai sauran ruwan gas a tukunya, allurar gejin ba ta motsi, sai mutum ya zaci tukunyar na nan cike. Ranar da ruwan ya ƙare allura za ta fara sauka da sauri. Rigileta mai mataki ɗaya, musamman mai arha, tana da halin sakin matsi sama a daidai lokacin da na tukunya ke faɗuwa, sai ta juye ragowar gas ɗin cikin tanki cikin 'yan sa'o'i. Mai mataki biyu ba ta yin haka. Wanda ba shi da ita ya riƙa ɗora tukunyar a sikeli, nauyinta na fanko yana rubuce a wuyanta, ya kuma kai ta ciko da zarar allura ta sauko ƙasa da bar 50.

Bayan rigileta sai solinoid, bawul mai aiki da lantarki wanda ke buɗewa in akwai wuta, ya rufe in babu. Shi ake haɗawa da taima, agogon da ke kunna wuta da kashe ta a lokacin da aka saita. Sai bawul mai allura, wanda da shi ake saita yawan gas. Mai arha yakan zame da kansa idan ɗaki ya yi zafi, ko hannu ya goge shi wajen shara. Sai kwalbar ƙirga kumfa, sai bawul mai hana ruwa komawa baya. Wannan ƙaramin abu ne amma in babu shi, da an kashe gas ruwan tanki zai bi tiyo ya gangara cikin solinoid. Tiyon ma na CO2 ake nema, mai tauri, domin mai laushin nan na injin hura iska yana yoyo kuma yana fita daga mazauninsa. Daga ƙarshe sai abin narkarwa: ko dai faifan tangaran mai fitar da kumfa kamar hazo a cikin tanki, ko wanda ake sakawa a kan tiyon filta. Duk mahaɗa a shafa mata ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa.

Akwai masu haɗa nasu da gorar lita biyu, sukari kofi ɗaya zuwa biyu, rabin ƙaramin cokali na yis da ruwa mai ɗumi. Yana aiki mako biyu zuwa uku a ƙaramin tanki. Aibinsa shi ne ba a kashe shi. In aka toshe, gorar ta fashe. Yana aiki dare da rana, kuma zafi yana ƙara masa gudu, wato ya fi ƙarfi a lokacin da kifi ya fi rauni. In gorar ta faɗi ruwan yis ya shiga tanki, ruwa zai yi fari, ƙwayoyin halitta su cinye oksijin. Mai amfani da shi ya sa gora ta biyu a tsakani ta tare ruwan, ya kuma kunna injin hura iska duk dare.

Na'urar da ke kunna gas da kanta bisa pH tana da nata tarkon. A ce an saita ta a 6.6 da ruwa mai KH 4, wato 30. Sai aka canza ruwa da na wata rijiya mai KH 8, ko aka saka duwatsu masu alli. Na'urar za ta ci gaba da tura gas har pH ya sauko 6.6, kuma a wannan ruwan hakan 60 ne.

Abin da ake sayarwa a kwalba da sunan kabon na ruwa ba CO2 ba ne. Galibinsu daga sinadarin gulutaraldihaid aka yi su, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Yana rage gansakuka, amma yana narkar da shukar Vallisneria, kuma in an wuce awo yana kashe jatan lande.

## Me ya sa tankin da ya yi wata shida lafiya yake kashe kifi rana ɗaya

Yawan CO2 a ruwa ba daga bawul kaɗai yake fitowa ba. Sakamako ne na abin da ke shiga da abin da ke fita, kuma mafi yawan fitar ta saman ruwa take bi, ba ta ganye ba. Duk abin da ya rage motsin saman ruwa ya ƙara gas ko da ba a taɓa bawul ba.

Ga misali da ake yawan gani. Da hunturu ruwa yana ƙafewa da sauri, tanki ya sauka yatsa biyu ko uku, bakin filta ya fito sama yana fantsama. Fantsamar tana fitar da gas, kwalbar gwaji ta koma shuɗi, mai tanki ya ƙara bawul. Ranar Asabar ya cika ruwa har baki, bakin filta ya nutse, saman ruwa ya kwanta lumui. Gas ɗin da aka ƙara yana nan, mafitarsa ta toshe. Kafin la'asar kifi suna sama.

Haka abin yake idan filta ta toshe da datti ƙarfinta ya ragu, ko wani yauƙi mai kama da mai ya rufe saman ruwa, ko kainuwa da sauran tsirrai masu yawo suka mamaye shi, ko aka rufe tanki da marfin gilashi ruf. CO2 ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, yana kwanciya tsakanin ruwa da marfi. Ta ɓangaren shiga kuma, faifan tangaran da ya yi wata biyu da gansakuka idan aka jiƙa shi a bilic aka wanke, kumfarsa za ta koma ƙanana ta fi narkewa. Ranar da aka yi wa tanki babban aski ma haka: masu shan gas sun ragu, masu ba da oksijin sun ragu. A duk irin waɗannan ranaku a rage bawul tukuna, a zauna a gida.

Wannan ne ya raba masu sana'ar gida biyu. Tsohuwar shawara ita ce a hana saman ruwa motsi don kada gas ya salwanta. Ɗaya ɓangaren suna cewa a bar shi yana rawa sosai, a ƙara gas a cike giɓin. Na farko sun fi tattalin tukunya. Amma a ruwa mai kwance gas yana ta hawa ne har yamma ba tare da ya tsaya ba, alhali a ruwa mai motsi yana hawa da sauri ya tsaya wuri ɗaya, ga oksijin yana shiga. Ta fuskar lafiyar kifi hujjar na biyu ta fi ƙarfi. Abin da ake so shi ne saman ruwa ya riƙa yin ƙananan igiyoyi ko'ina, ba tare da fashewa da fantsama ba.

## Zafi, ɗauke wuta da ruwan bohol

Yawancin shawarwarin intanet daga ƙasashen da ɗaki ke zama digiri 22 suka fito. A digiri 20 ruwa yana riƙe oksijin kusan miligiram 9.1 a lita, a 25 kusan 8.3, a 30 kusan 7.5. A lokaci guda zafi yana ƙara wa kifi buƙatar oksijin. Tankin da ke ɗaki marar na'urar sanyaya a Kano, Sakkwato ko Yamai cikin Afrilu zai iya kai 30 ko ya wuce. A irin wannan yanayi miligiram 15 zuwa 20 ya fi dacewa da 30, kuma fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana sauke zafin da digiri biyu ko uku.

Tukunyar ma zafi ya shafe ta. Sama da digiri 31 CO2 ba ya zama ruwa, kuma cikakkiyar tukunya a digiri 40 matsinta ya haura bar 100. Ba a barin ta a rana ko a but ɗin mota. Tana da faifan kariya da ke fashewa ya saki gas in matsi ya yi yawa, kuma a nan maganar ta koma ta mutane. Kilo ɗaya na CO2 yana zama fiye da lita 500 na iska. Tukunyar kilo 2 da ta zube a rufaffen ɗaki mai mita uku-uku tsawo da faɗi da bisa za ta kai iskar ɗakin kusan kashi 4 cikin ɗari, matakin da ke barazana ga rai, kuma a ƙasa take taruwa inda yara ke kwana. Ɗakin barci ba wurin ajiye ta ba ne.

Idan aka ɗauke wuta, filta ta tsaya, fitila ta mutu, shuka ta daina ba da oksijin ta koma sha. Solinoid zai rufe da kansa, wanda shi ne babban dalilin sayensa. Amma a tabbata shi da filta suna kan layi ɗaya. In solinoid yana kan inbata ko sola, filta tana kan wutar gari, gas zai ci gaba da shiga ruwan da ba ya motsi. Taima mai juyawa tana tsayawa in babu wuta, bayan kwana uku sai a tarar tana kunna gas da tsakar dare. Mai batir a ciki ake so. Injin hura iska mai caji, wanda ke tashi da kansa da an ɗauke wuta, ya fi kowane kayan ado muhimmanci.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma, na bohol ko rijiya mai zurfi, sau da yawa yana fitowa da nasa CO2 mai yawa da oksijin kaɗan. A tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana, in da hali ana hura masa iska. Na famfo kuwa a cire masa kulorin.

## Saitin farko, alamomi da ceto

A fara ranar da za a wuni a gida. Tanki mai lita 100 kumfa ɗaya cikin daƙiƙa biyu ta isa farawa. Gas ya kunnu sa'a ɗaya zuwa biyu kafin fitila, ya mutu sa'a ɗaya kafin ta mutu, fitilar kuma sa'o'i 6 zuwa 8. Da dare ba a saka gas sam, domin shuka ba ta sha, ita ma fitarwa take yi, kuma oksijin ya fi ƙasa da asuba. Ƙari sau ɗaya a rana, kaɗan, da safe. Makon farko a tsaya a saukar pH 0.5, na biyu 0.7, daga nan a duba ko shuka ma tana neman ƙari. Sabon kifi a saka shi bayan an kashe gas, washegari a rage rabi, a dawo da shi cikin kwana uku ko huɗu.

Alamar farko ba haki a sama ba ce. Marfin kunne ne ke saurin bugawa, kifi ya daina bin abinci, launinsa ya dushe, garken da ke yawo ya taru a bakin filta ko ya lafe a kusurwa. Dodon koɗi yakan hau gilashi ya nufi sama, jatan lande su yi ta zagaye ko su sandare. Manyan kifaye irin su diskus da na ruwa mai gudu sukan riga ƙanana nunawa. Kada a dogara da kifin beta ko gurami, domin suna shaƙar iska daga sama kamar yadda tarwaɗa da gaiwa suke yi, za su yi kamar ba komai alhali maƙwabtansu suna mutuwa.

In an ga haki ko kifi ya fara kifewa, a rufe gas daga kan tukunya, ba daga bawul mai allura ba. A buɗe marfi, a ɗaga bakin filta ya yi ta fantsama, a kunna injin iska. In babu wuta a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama. Sannan a canza kashi 30 zuwa 50 da ruwan da ya kwana, mai zafi ɗaya da na tanki. Kifin da ya kwanta amma marfin kunnensa na motsi a mayar da shi bokitin ruwa mai iska. Da yawa sukan farfaɗo cikin minti goma zuwa talatin. Ranar ba abinci, gas kuma sai an gano abin da ya canza.

## Wa yake buƙatarsa

Masanar Amurka Diana Walstad ta yi suna da hanyar da ba ta amfani da tukunya: ƙasar lambu a ƙarƙashin tsakuwa, haske matsakaici, kabon yana fitowa daga ruɓewar ƙasa da numfashin kifi. Girma a hankali yake, ba kuma kowace shuka ke yarda ba, amma babu abin da zai zube da dare. Masu tukunya suna samun darduma irin ta Glossostigma da jajayen Rotala, suna biya da kuɗin ciko, taki, aski duk mako da sa ido kullum. Tankin kifayen tafkin Malawi da Tanganyika, masu son ruwa marar tsami, ba ya cikin wannan lissafi tun farko.

Da yawa daga tsirran da ba sa neman ƙarin gas 'yan yankinmu ne. Anubias, wadda ake sayarwa a shagunan kifin ado a duniya, daga rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ta fito, har da Najeriya da Kamaru. Haka Bolbitis mai ganye kamar gashin tsuntsu. Jan bado na tanki ɗan'uwan badon tafkunanmu ne, kuma da ganyensa ya kai sama daga iska yake shan kabon. Kainuwa ma haka, sai dai a riƙa rage ta, kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan.